Riga Mai Lamba Bakwai

Kafanchan,
18 ga Nuwamba, 1990.

Zuwa ga ɗana Alexander,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Patrick da iyalinsa duka. Mu a nan lafiya ƙalau muke, sai godiya ga Allah wanda yake riƙe da mu. Kowace safiya kafin a hura wuta sai mun sa sunanka a addu'a, Allah ya buɗe maka kai a karatu, ya tsare ka daga miyagun abokai, ya dawo mana da kai daga Ibadan da takardar da ka je nema, ba da wani halin da ba mu san ka da shi ba. Ina fata kana zuwa sujada kowace Lahadi, ba sai ranar da kawunka ya tsaya a kanka ba.

Babanka yana nan yana fama da makarantarsa a Gwantu, yana zuwa gida ƙarshen mako idan ya sami mota. Gwiwar nan tasa ta yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke, amma ba ya jin magana, yana hawa keke zuwa gona kamar saurayi. Gwaggonka Afiniki ta aiko daga Kwoi cewa sun fara haƙar citta, kuma bana ta yi kyau. Ta ce tun da ka tafi jami'a ba ta ga ko layi ɗaya daga hannunka ba. Matar da ta goya ka sa'ad da nake kwance a asibiti ba ta cancanci haka ba, ka rubuta mata. Hoton da ka aiko ya iso, na ga ka yi ƙiba kaɗan, na gode wa Caroline matar kawunka da take ciyar da kai. Na kuma ga sumar. Ban san ko masu aski sun ƙare a Ibadan ba, amma kafin ka sa ƙafa a gidan nan da Kirsimeti ka nemi ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu yau bayan sujada. Maganar lissafin da ka yi wa 'yan matan ƙwallon kwando ce, da ta ƙanwarka Doreen. Zan ɗauko ta daga tushe, domin kai rabin da ya zo maka ta gidan waya kawai ka sani. Ka tuna Koci Franklin, akawun reluwe, shi ya tara 'yan matan a filin da ke bayan kwatas bayan rikicin tamanin da bakwai, wai ko yara za su sake haɗuwa tun da manya sun daina gaisawa. Saƙo ya zo daga Kaduna cewa a aiko yarinya ɗaya zuwa sansanin horo a hutun Kirsimeti, kuma wadda aka riƙe a can za a ɗauki nauyin karatunta. A daidai lokacin aka yi wa Franklin canjin wurin aiki zuwa Inugu, ya bar zaɓen a hannun kwamitin iyaye, wanda Baba Bartholomew, tsohon malaminka na firamare, yake shugabanta. A cikinsu ba wanda ya saba zama ya kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe, amma kowa yana da 'yar da ta fi ta kowa. Ba a daɗe ana zama ba aka fara jin kalmomin nan da muka sani, 'yan ƙasa da baƙi, namu da nasu. Garin nan bai warke ba, ɗana, saman ciwon ne kawai ya bushe. Shi ya sa da Baba Bartholomew ya tuna yana da tsohon ɗalibi mai karatun ƙididdiga, kuma Franklin ya bar takardun da ake cike masa a kowane wasa, kowa ya sauke numfashi. Aka ce lamba ba ta da ƙabila, a bar ta ta zaɓa.

Kai kuma ka yi abin da ya faranta mini rai. Ka ce kada a aiko maka da suna ko ɗaya, lambobin riguna kawai, domin ƙanwarka tana ciki kuma ba ka so a ce ka yi son kai. Ranar da amsarka ta iso, Baba Bartholomew ya karanta bayaninka a gaban jama'a, ni kuma na karɓa na sake karantawa a gida, domin sakandaren da na yi ba ta tashi a banza ba. Na fahimce ka. Ka ce mutane mai jefa ƙwallo cikin kwando kawai suke gani su yi mata tafi, alhali kafin ƙwallon ta kai hannunta wata ce ta ƙwato ta, wata ta miƙo mata. Ka ce duk wadda ta jefa ta kuskure, ko ta bari aka ƙwace a hannunta, kyauta ta yi wa abokan hamayya, dole a cire mata. Wadda kuma ta yi tsalle ta cafke ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, ta samo wa 'yan'uwanta wata dama, dole a ƙara mata ko da ba ta ci maki ko ɗaya ba. Ba wadda ta fi burge 'yan kallo kake nema ba, wadda ƙungiya za ta fi jin rashinta kake nema. Na ce wa babanka ai abin da na daɗe ina faɗa a zumuntar mata ke nan, ranar biki mai rera waƙa ake yaba wa, ba a tambayar wadda ta share majami'a ta jera kujeru. Lissafinka ya nuna lamba bakwai ta yi wa sauran nisa ƙwarai, ga maki, ga ƙwace, ga cafkewa, har ka rubuta cewa ba ka taɓa ganin 'yar wasa ɗaya ta haɗa duka haka ba. Aka buɗe rajista, lamba bakwai Doreen ce. Can ƙasa kuma, cikin 'yan lambobin da babu komai a gabansu, ga lamba sha biyu, kamar ba ta taɓa taka filin ba.

Ba sai na gaya maka murnar da aka yi ba. Har waɗanda suka zo da shirin faɗa suka ce tun da babu suna, sun yarda. Babanka ya riƙa tsayar da mutane a hanya yana ba su labari, matan zumunta suka laƙaba mini Maman Kaduna. Doreen ta sauko da akwatin nan naka na kwano ta fara shirya kaya tun da sauran lokaci. Ka san ra'ayina game da wasan nan. Ban hana ta ba, amma ban taɓa zuwa filin ba, domin ba na jin daɗin ganin 'yan mata manya suna tsalle da gajeren wando a gaban samarin tasha. Da aka shirya wasan ban kwana da 'yan matan Kwoi don girmama ta, babanka ya ce idan ban je ba mutane za su yi magana. Na ɗaura ɗankwali na tafi.

Na sami wuri a benci kusa da Madam Oge, matar Mista Emenike mai shagon kayan keke, wadda nake sayen manja a wurinta. 'Yarta Nnenna tana cikin ƙungiyar, doguwa ce kamar Doreen. Aka fara. Gaskiya ƙanwarka ta iya, ɗana. Da ta ɗaga hannu ƙwallon ta faɗa kwando, filin ya ɗauki ihu, na tsinci kaina ina tafi ban shirya ba. Amma ni da na karanta bayaninka, na san abin da zan duba. Na ga tana jefawa daga inda bai kamata ba, na ga Sa'adiya 'yar mai gyaran agogo tana tsaye ita kaɗai a ƙarƙashin kwando tana ɗaga hannu, Doreen ba ta ko kalle ta ba. Kafin a busa usur na hutu tana haki, ga mutanen Kwoi suna gaba da mu kaɗan. Sai na ga 'yan matan sun ja gefe ƙarƙashin mangwaro, wasu sun ware zannuwa sun yi da'ira. Da aka sauke zannuwan, Doreen ta fito da rigarta ta gida, Nnenna kuma ta fito sanye da riga mai lamba bakwai, jiƙe sharkaf.

Na juya na tambayi Madam Oge me ke nan. Ta yi dariya ta ce ai haka suke yi kullum, riguna takwas wani bawan Allah ya ba su, yara kuma sha biyu, to da an yi hutu sai mai fita ta tuɓe wa mai shiga. Ta ce lamba bakwai ce kaɗai babba, ita kaɗai take shigar dogayen nan biyu, shi ya sa ba a taɓa ganinsu tare a fili ba. Har ta ƙara da cewa shekara guda ke nan 'yarta tana dawowa gida da warin gumin 'yata, don haka ni da ita mun zama dangi ko ban sani ba. Na yi murmushi na mai da ido fili. Nnenna ba ta da ado a wasa, ba mai yi mata ihu. Amma duk abin da ka lissafa a takardarka na gan shi da idona. Duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, hannunta ne a kai. Ta ƙwace, ta miƙa wa Sa'adiya, ta koma baya da gudu ta tare hanya. Da wuya ta jefa da kanta. Mutanen Kwoi suka koma baya, muka ci su, ƙawayen Doreen suka ɗaga ta sama domin ranarta ce. A nan na gane abin da ya faru. Masu cike takarda lamba suke dubawa, ba fuska ba. Makin Doreen na farkon wasa da aikin Nnenna na ƙarshensa duk an zuba su a layi ɗaya. Yarinyar da ka ce ba ka taɓa ganin irinta ba, ka yi gaskiya, domin babu ita a duniya. Kuma Nnenna ita ce lamba sha biyu a rajista, lambar da ba a taɓa ɗinka mata riga ba.

Kafin mu watse na riƙe hannun Madam Oge na tambaye ta, tun da ta san haka, me ya hana ta magana ranar da aka karanta sakamako. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce Nnenna ta dawo gida ranar ta yi kuka har ta ƙi cin abinci, amma babanta ya ce kowa ya rufe baki. Shagonsa ya ƙone sau ɗaya a garin nan, ya sake gina shi da ƙyar, ba zai tashi ya ce 'yar ƙasa ta ci gurbin 'yarsa ba, bare kuma yayanta ne ya yi lissafin. Ta ce kada in damu, su sun saba, Allah ya ba Doreen sa'a. Alexander, yarinyar da aka share aikinta ita ce ta zo ta yi gumi domin a ci wasan ban kwanar wadda ta ɗauki gurbinta.

Na bari sai washegari da muke tsince acca a tsakar gida, mu biyu kawai, na tambayi Doreen ko ta san da wannan. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ta sani tun lokacin da Baba Bartholomew ya ambaci yawan ƙwacen, domin ta san ita ba ta ƙwace haka. Amma wai ba ta yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ta, kuma duk sauran 'yan matan sun sani sun yi shiru. Na ce mata sun yi shiru ne domin ita suke jira, ita da aka ba abin da ba nata ba, kuma a gidan nan ba mu raba ƙaryar baki da ƙaryar shiru ba. Ta ce ai ita ta fi kowa cin maki, wataƙila ko an raba ita ce za ta zo gaba. Na ce to madalla, a raba mu gani. Sai ta ture faifan ta miƙe, hawaye na zuba, ta ce shekara uku tana wasa ban taɓa zuwa na gan ta ba, ranar da na zo kuma na zo ne in ƙwace mata. Ka san ba a ɗaga mini murya a gidana, amma na bar ta ta shige ɗaki, domin yarinyar tana cikin zafi, kuma abin da ta faɗa ba duka ne ƙarya ba.

Babanka da ya zo ya ji, ya ce in bar maganar, baɗi sai a tura Nnenna. Na tuna masa Nnenna tana ajin ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce abin da Kaduna ta ƙayyade, Doreen kuwa tana da saura. Sai ya shiga neman tabaransa, ka san yadda yake yi idan an kama shi. Na tafi wurin Baba Bartholomew. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire hula ya shafa kai, ya ce wai ni Mildred tun ina makarantar Lahadi ba na barin abu ya kwanta. Ya ce sun gudu wurin lamba ne domin bakin mutane ya kusa ƙona su, yanzu kuma ina so ya tsaya ya ce lambar ma ta yi kuskure, to wurin wa za a gudu? Na ce masa lamba ba ta yi kuskure ba, mu ne muka ba ta riga ɗaya da mutum biyu a ciki. Idan muka rufe, iyaye ba za su sani ba, amma yara sha biyu sun sani, Kirista da Musulmi, 'yan ƙasa da baƙi, kuma za su girma da sanin cewa adalcin manyan garin nan yana ƙarewa ne a inda 'yar gida ta ci. Daga ƙarshe ya ce takardar Kaduna ba ta tafi ba tukuna, zai riƙe ta.

Ya tara 'yan matan a barandarsa su faɗi wadda ta sa kowace riga a kowane wasa. Abin bai yi wuya ba, domin sai a hutu kawai ake musaya, kuma takardun an raba su gida biyu, kafin hutu da bayan hutu. An ce an sha dariya, Sa'adiya ta rantse ita ta karɓi lamba huɗu a wasan Kujama domin har yau tana tuna ƙaiƙayin da ta kwaso a cikinta. Doreen ba ta je ba. Kwanakin nan tana gaishe ni da safe kamar baƙuwa, tana cin abinci a ɗaki. Ban matsa mata ba, amma ban janye ba.

Ranar Laraba ta dawo daga makaranta ba ta ko tuɓe yunifom ba, ta wuce gidan Baba Bartholomew ta aro takardun, ta zauna a baranda da bayaninka a gefe. Ina kicin ina jin ta tana gogewa tana sake rubutawa. Na san so take ta nuna mini ita ce a gaba. Da rana ta yi sanyi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce Nnenna ta wuce ta, kuma ba da kaɗan ba. Makinta suna da yawa, amma jifan da ta kuskure sun cinye mafi yawansu, har Sa'adiya ma tana dab da ita. Ta faɗa kamar mai karanta sanarwa a majami'a. Na ce to me za ta yi. Sai ta wanke fuska ta fita. Na rufe tukunya na bi ta daga nesa, sai na ga ta nufi kasuwa, shagon Mista Emenike.

Na tsaya a rumfar mai tumatir ina ji. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai. Mutumin ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya kira ta 'yarsa, ya ce ta tashi ta tafi Kadunarta, shi ba ya son fitina, idan aka canja suna yanzu gobe za a ce Ibo sun bi ta bayan gida sun saye kwamiti. Doreen ta ce ba wanda zai faɗi haka, domin ita da kanta za ta tsaya gaban kwamiti da iyaye ta faɗa da bakinta, kowa ya ji daga inda maganar ta fito. Ya kalle ta, ya sake kallonta, ya tambaya wai 'yar wa ce ma. Madam Oge daga ciki ta ce ai ya san uwar, matar nan da take ɗanɗana manja tana shinshinawa kamar 'yar sanda kafin ta saya. Na ji, na kuma bar ta da wannan.

Ranar Juma'a aka zauna a ajin firamare. Doreen ta miƙe, muryarta tana rawa, ta ce lamba bakwai su biyu ne, ta sani tun farko ta yi shiru, kuma tana roƙon Nnenna gafara. Wani daga baya, ba zan rubuta sunansa ba, ya ce bai taɓa ganin uwar da ta tura 'yarta ta zubar da arzikinta ba. Kafin in buɗe baki Doreen ta ce ba wanda ya tura ta. Nnenna tana zaune ta rufe fuska da hannu biyu. Kwamiti ya yanke cewa tun da kai aka amince wa da farko, kai za ka tabbatar, kuma sunan da ya fito a sabon lissafin shi za a aika Kaduna.

To ga abin da nake so ka yi. A cikin ambulan ɗin nan akwai bayanin wadda ta sa kowace riga kafin hutu da bayan hutu, da sa hannun Baba Bartholomew. Ka sake lissafin na dukan yaran, ba na waɗannan biyun kawai ba, domin ƙananan rigunan ma an yi musayarsu. Yanzu ka san sunaye, ba ka da inda za ka ɓuya. Kada ka ƙara wa ƙanwarka ko ɗigo don tausayi, kada kuma ka rage mata don a ce kai adali ne, wannan ma son kai ne, rigar Lahadi kawai ya sa. Amsar ka aika wa Baba Bartholomew kai tsaye, kada ta biyo ta hannuna, kuma ta iso a farkon Disamba. Wanda zai kawo maka wannan ma'aikacin jirgin ƙasa ne ɗan majami'armu, zai sake tsayawa a tashar Ibadan idan yana dawowa daga Legas, ka tambaye shi ranar.

Na san halinka, za ka zauna kana damun kanka wai ka jawo wa gida abin kunya. Ba ka jawo ba. Hanyarka mai kyau ce, ita ta nuna wa Doreen gaskiya lokacin da bakina ya kasa. Da maki kawai aka ƙirga yadda aka saba, da Nnenna ta gama makaranta ba wanda ya san abin da take yi wa ƙungiyar nan. Amma ka riƙe wannan don gaba. Nan da 'yan shekaru za a ajiye maka takardu a ofis, a ce ka faɗi wa ya cancanta, wa bai cancanta ba. Kafin ka sa hannu, ka tashi ka je inda aka cike takardun, ka tambayi yadda mutanen wurin suke yi. Mu talakawa muna da dabarun rufa wa kanmu asiri da ba sa shiga layin takarda.

Abu na ƙarshe, shi ya fi nauyi a zuciyata. Ka rubuta wa Doreen takarda tata daban. Jiya ta kwashe kayanta daga akwatin ta mayar cikin kwaba ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ni ce na fita na tsaya a bayan gida wurin tulu har na iya dawowa. Yarinyar nan ta sa rai ƙwarai, kuma gobe za ta shiga aji kowa ya san ba za ta tafi ba. Duk da haka da yamma ta ɗauki takalminta ta tafi filin kamar kullum. Ta ce in tambaye ka abin da za ta gyara domin baɗi nata rabin ya tsaya da ƙafarsa. Ka amsa mata dalla-dalla, kada ka yi mata wasa. Amma kafin ka shiga lissafi ka fara da wani abu. Ka san ni, bakina ya saba da gyara, bai saba da yabo ba. Na buɗe shi jiya in gaya mata, abin da ya fito shi ne ta ɗaure gashinta da kyau. To kai ka rubuta mata. Ka ce Mama ta ce, ranar Juma'a da ta miƙe a gaban mutanen nan muryarta tana rawa, tun da na haife ta ban taɓa yin alfahari da ita kamar ranar ba. Ka rubuta shi yadda na faɗa, kada ka yi masa ado.

Ka gaishe mini da kawunka Patrick da Caroline da yaran duka, musamman ƙaramar Emilia. Babanka yana gaishe ka, haka Gwaggo Afiniki da Baba Bartholomew. Madam Oge ma ta ce a gaishe da mai lissafi. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai har mu ga juna.

Ni ce mahaifiyarka,
Mildred.